Babban akwatin kifi na gilashi: a saye shi inda za a iya komawa a yi magana

Akwatin gilashi mai kifayen ado, wanda ake kira akwariyom, ya fara shiga jerin kayan yayi a biranen Nijar. Ana ganinsa a zauren otal da gidajen abinci na Yamai, ana kuma ganinsa a falon sabbin gidajen da 'yan ƙasa mazauna ƙetare ke ginawa a Maraɗi, Damagaram da Tawa. Hotunan TikTok da Facebook sun ƙara wa abin armashi, har matashin da ya samu 'yan kuɗi yana ganin falonsa bai cika ba in babu kifi yana yawo a bayan gilashi.

Sha'awar ba laifi ba ce. Inda ake yin asara shi ne wajen zaɓen wurin saye. Hanyoyin da ke gaban mai saye sanannu ne: ya yi oda daga Dubai ko Sin, ya sa a ɗauko masa daga Kano ko Legas, ya shiga shago a Yamai, ya ba mai yankan gilashi na gari aiki, ko ya sayi na hannu. Ga ƙaramin akwati na lita 50 kowace hanya ta yi. Amma da zarar magana ta kai lita 300 zuwa sama, hikima ita ce a saya kusa, wurin wanda zai kawo, ya girka, ya cika da ruwa a gaban mai shi, kuma ana sanin ƙofar shagonsa in abu ya ɓaci.

Dalili na farko nauyi ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Akwati mai tsawon santimita 150, faɗi 60, tsayi 60 yana cin lita 540, wato kilo 540 na ruwa kaɗai. In an yi shi da gilashi mai kaurin milimita 12, gilashin kansa ya kai kilo 100. A haɗa da rairayi, duwatsu da teburin da zai ɗauke shi, an wuce kilo 700, nauyin buhun siminti 14 ke nan a ɗan wurin da bai kai murabba'in mita ɗaya ba. Wanda zai aza wannan a saman bene ya kamata ya ji ta bakin maginin gidan tukuna. Teburin kuma dole ya zama na ƙarfe ko katako mai ƙwari, a daidaita shi da ma'aunin magina, a shimfiɗa soso a ƙarƙashin gilashin. Ƙaramar karkata a daɓe ta isa ta tara nauyi a kusurwa ɗaya, gilashi ya tsage bayan watanni. Mai sayarwa da ke Dubai ba zai zo ya duba daɓen gidan da ke unguwar Zariya ta Maraɗi ba.

Dalili na biyu hanya ce. Nijar ba ta da teku. Tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a 2023, kaya masu yawa sun koma shigowa ta tashar Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayarin manyan motoci, tafiyar fiye da kilomita 1000 da ke ɗaukar makonni. Akwatin gilashi mai tsawon mita ɗaya da rabi ba ya son girgiza, ba ya son sauke-lodi. Ana biyan kuɗin mota a kan girman wurin da ya ci, alhali cikinsa iska ce kawai, sannan ga kuɗin duwan. In ya iso da tsaga, takardar garanti ta masana'antar da ta ƙera shi ba ta da amfani, domin ba wanda zai mayar da fasasshen gilashi ƙasar Sin. Hanyar Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa, ko ta Daura zuwa Damagaram, ta fi kusa nesa ba kusa ba, amma tambayar ɗaya ce: in ya fashe a mota, asarar wa ce? Wanda bai samu amsar wannan a rubuce ba kafin ya tura kuɗi, cinikin biri ya yi a sama.

Masu son na waje suna da hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Akwatin masana'anta ya fi kyan gani, haɗinsa ya fi tsabta, sau da yawa yana zuwa da murfi, fitila da matacin ruwa. Sannan da yawa daga cikin masu yankan gilashi na gari aikinsu taga ne da ƙofa da kantar shago, ba su taɓa haɗa abin da zai riƙe rabin tan na ruwa ba. Wanda ya ba irin waɗannan aiki ido rufe, shi ma ya sayi rariya. Saboda haka kusanci shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da sharuɗɗa.

Sharaɗi na farko kaurin gilashi. Matsin ruwa yana ƙaruwa ne da zurfi, don haka tsayin akwati shi ne abin dubawa kafin komai. Gilashin taga na milimita 4 ko 5 ba ya wannan aiki. Ga akwati mai tsayin santimita 60 da tsawon mita ɗaya da rabi, masu sana'ar ba sa sauka ƙasa da milimita 10, galibi 12 suke sawa, tare da ɗamarar gilashi a bakin sama don kada bango ya bankare. Mai saye ya auna kaurin da kansa. In gilashin irin gasasshen nan ne da ake kira sekurit, a sani cewa ba ya yankuwa kuma ba ya huduwa bayan an gasa shi, ana taɓa shi da injin huda zai tarwatse.

Sharaɗi na biyu silikon. Wanda ake sayarwa don banɗaki da madafa yakan ƙunshi maganin hana fumfuna, kuma wannan magani yana kashe kifi. Ana buƙatar wanda aka rubuta a jikinsa cewa na akwariyom ne, a bar shi ya bushe kamar mako guda. A duba haɗin da kyau: kumfar iska a cikin silikon alama ce ta aikin gaggawa.

Sharaɗi na uku gwaji. A cika akwatin da ruwa har baki a wurin mai sayarwa, a bar shi kwana biyu ko uku a kan busasshen kwali, ɗigo ɗaya zai nuna kansa. Cikon kuɗi sai bayan an girka a gida an sake cikawa. Mai sana'ar da ya yarda da aikinsa ba ya gudun wannan, kuma zai iya nuna akwatin da ya haɗa shekara ɗaya ko biyu da suka wuce yana nan da ruwansa. Na hannu ma haka ne, har ya fi buƙatar gwaji, domin silikon yana tsufa, musamman in akwatin ya daɗe a bushe cikin rana.

Akwai kuma abin da mai sayarwa na nesa bai sani ba, wato yanayin Nijar. Yawancin kifayen ado na ƙasashe masu zafi suna son ruwa tsakanin digiri 24 da 28. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai da Tawa yana haura 40, a lokacin sanyi kuma dare yana sauka ƙasa da 20. Ruwa mai ɗumi iskar shaƙa kaɗan yake riƙewa: kusan miligiram 9 a lita a digiri 20, amma kusan 7.5 a digiri 30. Lokacin da kifi ya fi buƙatar injin hura iska shi ne lokacin da wuta ta fi ɗaukewa. Kowa ya tuna 2023, da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, yadda birane suka kwana cikin duhu. In mataci ya tsaya sa'o'i masu yawa, ƙwayoyin halittar da ke tsabtace ruwan suna mutuwa, ruwan ya koma guba. Mai sayarwa na kirki zai fara maganar injin iska mai batir ko haɗi da sola kafin ya fara maganar launin kifi. Zai kuma faɗi cewa ruwan famfo yana da sinadarin kulor, sai an ajiye shi ya kwana ko an sa maganinsa, kuma sabon akwati yana buƙatar makonni huɗu zuwa shida kafin ya ɗauki kifi da yawa. Wanda ya ce a sayi akwati da safe a zuba kifi talatin da maraice, kifinsa yake son ya sayar sau biyu.

Ga mazauna ƙetare, shawara mai sauƙi ce: a aiko da ƙananan kaya masu inganci, a bar gilashi a saya a gida. Mataci, fitila, ma'aunin zafi, silikon na gaskiya da kayan gwajin ruwa duk suna shiga akwatin tafiya. Sai dai wanda ke Amurka ya lura, wutar can bolt 120 ce, ta Nijar 220, injin da ba a yi shi don wannan ba zai ƙone ranar farko. Can kuma da galan ake awo: galan ɗaya lita 3.8 ce, akwatin galan 125 ya kusan lita 475. Kuma kafin a tura kuɗi ta Nita ko Amana, a tabbatar akwai wanda zai kula da kifin kullum. Abinci, canjin wani kaso na ruwa kowane mako ko biyu, kuɗin wuta da na ruwa, duk suna nan bayan mai gida ya koma Abijan ko Beljiyam.

Wanda burinsa riba ce, gilashi ba hanyarsa ba ce. Kiwon tarwaɗa da karfasa ana yinsa ne a kwarmin siminti, a tamfol ko a tankin roba na lita 1000, da kuɗi kaɗan a kan na akwariyom. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska a saman ruwa, shi ya sa ɗaukewar wuta ba ta cika kashe ta da wuri ba. Ko a nan, mai sayen tankin roba na hannu ya bincika abin da aka taɓa zubawa a ciki, domin da yawa sinadarai aka kawo da su.

Araha ba ta ado, in ji Bahaushe, kuma a wannan ciniki bambancin jikka ashirin ko talatin tsakanin shago biyu ƙaramin abu ne. In lita 540 suka ɓalle a falo, kujeru, kafet da talabijin sun tafi, ga ruwa a kan wayoyin wuta, ga tarwatsattsen gilashi a inda yara ke wasa. Kafin a biya, mai saye ya nemi a rubuta masa abu huɗu a takardar ciniki: kaurin gilashi, irin silikon, wanda ya ɗauki nauyin kawowa da girkawa, da tsawon lokacin da mai sayarwa zai gyara kyauta in ya yi yoyo. Shagon da ya ƙi sa hannu a kan waɗannan, a wuce shi a nemi na gaba.