Ra'ayinmu: Wa Zai Tambayi Kwamishina a Madadinmu?

'Yan uwa malamai, kowane ɗayanmu ya san bambancin ajin da ɗalibai ke ɗaga hannu da ajin da ya yi tsit. Malamin da ya ƙware ba ya murna da shirun aji, domin sau da yawa shirun na nufin tsoro ko rashin fahimta. Da wannan ma'auni muke son mu auna Majalisar Dokokin Jihar Zamfara, musamman abin da ya shafi ƙananan hukumominmu uku, Talata Mafara da Bakura da Maradun.

A ƙarshen watan Fabrairun 2024, bayan wani zama da wasu 'yan majalisa suka yi suka ce sun dakatar da Kakaki Bilyaminu Moriki, shugabancin majalisar ya mayar da martani da dakatar da mambobi takwas daga cikin 24, bisa zargin rashin ɗa'a da yin zama ba bisa ƙa'ida ba. Uku daga cikinsu 'yan jam'iyyar adawa ta APC ne, kuma dukkansu na yankinmu ne: Shamsudeen Hassan na Talata Mafara ta Arewa, da Ibrahim Tukur na Bakura, da Faruku Dosara na Maradun ta Ɗaya. Ba aikinmu ba ne mu yanke hukuncin wanda ya yi daidai a rikicin, wannan na kotu ne da ƙa'idojin majalisa. Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya ba ta da jam'iyya, a cikinmu akwai mai ra'ayin kowane ɓangare. Abin da ya dame mu shi ne, duk ranar da kujerar wakili ta zama fanko, makarantun mazaɓarsa sun rasa bakin da doka ta ba su.

Bari mu fayyace wannan baki, domin da yawa daga cikinmu muna koyar da darasin zaman ɗan ƙasa ba tare da mun buɗe Kundin Tsarin Mulki na 1999 ba. A Jamhuriya ta Farko ministoci 'yan majalisa ne, suna zaune a zaure ɗaya da masu adawa, ana jefa musu tambaya ido da ido, kamar yadda har yau ake yi wa Firaministan Birtaniya duk ranar Laraba idan majalisa na zama. Tun 1979 da muka koma tsarin shugaba mai cikakken iko, minista da kwamishina sun fita daga zauren, amma ba su fita daga hannun majalisa ba. Sashe na 108 ya wajabta wa kwamishina ya bayyana gaban majalisar jiha idan an gayyace shi, domin ya yi bayanin yadda ma'aikatarsa ke tafiya. Sashe na 67 ya ɗora irin wannan nauyi a kan ministan tarayya. Sashe na 128 da na 129 kuwa sun ba majalisar jiha ikon bincike da kiran shaidu da neman takardu, domin a tono almundahana da sakaci da ɓarnar dukiyar da ta amince a kashe. Ikon yana nan a rubuce. Sai dai kowa ya san halin ɗan Adam: ɗan jam'iyyar gwamnati kan ji nauyin matsa wa kwamishinan da suke cin tuwo tare, shi ya sa tambaya mai zafi ta fi fitowa daga kujerun adawa.

Tarihin yankinmu ya isa darasi. Daga 1999 zuwa 2023, shekara 24 ke nan, 'ya'yan waɗannan ƙananan hukumomi uku sun riƙe kujerar gwamna shekara 20: Ahmad Sani Yariman Bakura shekara takwas, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara shekara takwas, Bello Matawalle na Maradun shekara huɗu. Da a ce samun ɗan gida a kan mulki shi ke gyara makaranta, da babu ɗalibin da zai zauna a ƙasa daga Jangebe zuwa Kaya. Kowannenmu ya san ajin da yake shiga kullum, ya san amsar.

Mu tuna kuma da 2021. Hukuncin Kotun Ƙoli na 24 ga Mayun 2019 ya miƙa kusan dukkan kujerun majalisar jiha ga jam'iyya ɗaya, sannan da gwamna ya sauya sheƙa a watan Yunin 2021 akasarin 'yan majalisar suka bi shi. A wannan shekara ta majalisa mai murya ɗaya ne aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Jangebe ranar 26 ga Fabrairu. A tsakiyar watan Agusta aka afka wa Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi ta Bakura, aka kashe ɗan sanda da masu gadi biyu, aka tafi da ɗalibai 15 da ma'aikata huɗu. Ranar 1 ga Satumba aka sace ɗalibai 73 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya da ke Maradun, abin da ya sa aka rufe makarantun jihar. Ba mu ce tambayar ɗan majalisa za ta tare harsashi ba. Amma tsakanin Jangebe da Kaya akwai wata shida cur, kuma a cikinsu ya kamata a ce an tsayar da masu alhakin ilimi da tsaro a bainar jama'a, an tambaye su makarantu nawa ke da katanga, nawa ke da masu gadi, wane mataki aka ɗauka bayan hari na farko. Rigakafi ya fi magani.

Adalci ya wajabta mu faɗi abin da aka yi. A watan Nuwamban 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, an fara gyaran makarantu, an kuma shiga biyan bashin hukumomin jarrabawa na WAEC da NECO wanda ya taru shekaru har aka riƙe sakamakon 'ya'yanmu. Mun yaba da wannan. Amma daidai lokacin da kuɗi ke fita da yawa, a lokacin ne aka fi buƙatar ido. Gwamnatin da ta tabbata aikinta na ƙwarai ne ba ta da abin tsoro a tambaya, hasali ma amsa mai kyau a zauren majalisa ta fi tallar rediyo goma. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ga tambayoyin da muke son mu ji an yi wa Kwamishinan Ilimi da shugaban hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, a rubuta amsoshinsu a kundin majalisa. Makarantu nawa ne a Talata Mafara da Bakura da Maradun ba sa aiki saboda rashin tsaro, kuma ina ɗalibansu da malamansu suke? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC, kuma jiha ba ta karɓar tallafin gine-gine sai ta ajiye nata rabin: na wace shekara aka biya, na wace shekara ya rage? Dokar 2022 da ta kai shekarun ritayar malami zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, ina matsayinta ga malamin firamare a nan? Malamai nawa ne aka ƙara wa girma a takarda amma albashinsu bai motsa ba? Kuma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, wane tanadi aka yi don kada albashin malamin firamare ya koma hannun son ran shugaban ƙaramar hukuma? Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cin mutuncin kowa.

Ma'aunin nan ɗaya ne a Gusau da Abuja, domin bayan zaɓen 2023 wanda ya zama ɗan adawa a can shi ya kama mulki a nan. A 2023 Abdul'aziz Yari ya zama sanatan Zamfara ta Yamma, aka kuma naɗa Bello Matawalle ƙaramin Ministan Tsaro. Nijeriya ta rattaba hannu kan yarjejeniyar kare makarantu ta duniya tun 2015, an kuma ƙaddamar da shirin samar da kuɗin tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026. Haƙƙin kowane ɗan majalisar tarayya ne, na adawa ko na gwamnati, ya kira ministocin ilimi da kuɗi da tsaro su faɗi abin da ya iso Jangebe da Kaya daga wannan shiri. Wanda ya ji daɗin a matsa wa kwamishina a Gusau, kada ya ɓata rai idan an matsa wa minista a Abuja.

Su ma 'yan adawa muna da magana da su. Tambaya sana'a ce, kuma mu ne malamanta. Wanda ya shiga zaure da alƙaluma daga mazaɓarsa, ya nemi amsa a kan aji da alli da albashi, jama'a za su tsaya masa. Wanda ya mayar da tambaya makamin neman kujera ko ramuwar gayya, ya zubar da ƙimarta, ya kuma ba masu son rufe baki hujja. A watan Agustan 1950 wani malamin makaranta, Abubakar Tafawa Balewa, ya miƙe a Majalisar Arewa da ke Kaduna ya nemi a sake fasalin mulkin En'e. Bai zagi kowa ba, hujja ya kawo, kuma gyara ya biyo baya. Shekara biyu kafin nan Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa. Gadon da suka bar mana ke nan.

Saboda haka muna kira ga shugabancin majalisa, da iyayenmu sarakuna, da malaman addini, su sa baki a sasanta wannan rikici, a mayar da kowace mazaɓa kujerarta. Kotuna sun riga sun nuna hanya: Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba Rifkatu Danna gaskiya a kan majalisar Bauchi da ta dakatar da ita, a 2017 kuma Babbar Kotun Tarayya ta soke dakatar da Sanata Ali Ndume. Tushen hukuncin shi ne kujerar ta jama'ar mazaɓa ce. A hukunta mai laifi gwargwadon laifinsa, amma kada a haɗa da ɗan aji uku na Bakura da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Mu ma akwai namu aikin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna roƙon kowane shugaban makaranta da wakilin ƙungiya ya rubuto wa reshe, kafin ƙarshen wannan zango, yawan ɗalibai da malamai da azuzuwa da kujeru da halin katangar makarantarsa, da sunayen waɗanda aka danne musu ƙarin girma. Za mu haɗa su wuri ɗaya, mu miƙa wa kwamitin ilimi na majalisa da duk wakilan yankinmu ba tare da duba jam'iyya ba, sannan mu buga a wannan mujalla wanda ya yi tambayar da amsar da aka ba shi.

Allah Ya zaunar da jiharmu lafiya, Ya tsare ɗalibanmu da malamansu, amin.