SHARA CE TA CIKA KWAMFUTAR, BA LALACEWA TA YI BA

Duk wanda ya san zaman 'yan Arewa a Ikko da Badun da Fatakwal ya san cewa jikinsu ne kawai a Kurmi, hankalinsu yana gida. Mutum yana sayar da tumatir a Mile 12, ko yana gadi a Apapa, amma lissafinsa duka yana kan ƙane ko ɗa da ke karatu can Arewa. A shekarun nan kuwa wani sabon kaya ya shiga cikin abin da akan aika gida, watau kwamfutar tafi-da-gidanka. Mutanen Taraba sun san wannan sarai. Tun da aka kafa Jami'ar Jihar Taraba a Jalingo a 2008, sa'an nan hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta a 2015, yaron da bai iya taɓa wannan na'ura ba ya zama abin tausayi.

To, sai yaya ya yi wata da watanni yana ƙulle kuɗi, ya shiga kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Alaba, ya sayi ta hannu, ya naɗe ta cikin bargo ya damƙa wa direba, ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ta isa Jalingo. Ba a rufa shekara ba sai ga waya: "Yaya, kwamfutar nan fa ta lalace. In an kunna ta sai a gama shan shayi ba ta buɗe ba, kuma ba ta karɓar ajiya." A kai wa mai gyara, shi kuwa ko dubawa bai yi sosai ba sai ya ce sai an yi mata fomatin. Yaya ya sake turo kuɗi.

Abin da mai biyan kuɗin bai sani ba shi ne, fomatin nufinsa a goge abin da ke cikin ma'ajiyar ƙaf a sake zuba Windows. Kundin binciken da yaro ya yi wata huɗu yana rubutawa ya tafi. Hotunan takardun makaranta sun tafi, da na takardar fili, da na bikin gida waɗanda babu su a wani wuri. Garin neman gira an rasa ido. Alhali kuwa sau da yawa ciwon bai wuce shara ba, kuma maganinta tsintsiya ce.

Ga yadda sharar take taruwa. Kowane aiki kwamfuta ta yi sai ta ajiye wasu 'yan fayiloli na wucin gadi, kamar yadda tela yake tara ƙyallaye a ƙarƙashin keke. In an saka sabuwar manhaja takan bar ragowa. In an shiga intanet, Chrome yakan riƙe hotunan shafukan da aka buɗe don gobe su yi saurin fitowa. In Windows ta sabunta kanta takan jibge tsofaffin kayanta a gefe. Har wa yau, abin da mutum ya goge da hannunsa ba ya fita nan take, yana nan cikin kwandon shara yana cin wuri har ran da aka zubar da kwandon. Ita kuwa Windows tana bukatar fili a ma'ajiya domin ta juya, musamman in aiki ya yi wa ƙwaƙwalwarta yawa. Shi ya sa in abin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba, sai layin nan da ke nuna cikar ma'ajiya ya koma ja. Jan layin gargaɗi ne kawai, amma da yawa sun ɗauke shi takardar mutuwa.

Tsintsiyar kuma tana cikin kwamfutar, ba a sayen ta. Tun zamanin Windows 98 kamfanin Microsoft ya sa wani abu mai suna Disk Cleanup, wanda yake lissafa sharar iri-iri da nauyin kowace, mutum ya zaɓi wadda za a kwashe. A Windows 10 da 11 akwai Storage Sense, wanda in an kunna shi yakan yi sharar da kansa lokaci-lokaci. Mai son ya gani da idonsa kuwa, sai ya rufe duk aikin da yake yi, ya danna maɓallin Windows tare da harafin R, ya rubuta %temp%, ya goge abin da ya tarar. Wanda ya ƙi goguwa a ƙyale shi, ana amfani da shi ne.

Wuri guda ne tilas a yi hattara da shi, watau foldar Downloads, inda abin da aka sauko da shi daga intanet yake zama. Ɗalibai da yawa nan suke barin takardar shaidar biyan kuɗin makaranta da ta shiga jami'a. A 2018 Microsoft ya sa wannan folda cikin jerin abin da Disk Cleanup zai iya sharewa, mutane suka yi ta kuka, har aka cire ta a 2020. Amma har yanzu tana fitowa cikin jerin shara a wajen saitin ma'ajiya, saboda haka a karanta kafin a danna.

Gaskiya kuma ba ta da daɗi, amma sai an faɗa. Ba kullum ne laifin yake ga fayilolin wucin gadi ba. A buɗe kwamfutar wani ɗalibin, abin da za a tarar ya danne ta fina-finan Indiya ne masu fassara da wasanni masu dogon zango, waɗanda aka turo daga shagon masu turi. Yaya yana can yana shan ranar Ikko yana zaton karatu ya cika ta. Wannan sharar babu manhajar da za ta taɓa ta, sai mai ita ya ji kunya ya kwashe.

Shi ma mai saye yana da nasa rabon laifin. Akwai ƙananan kwamfutoci masu kyan gani da araha waɗanda ma'ajiyarsu gigabait 32 ce ko 64 kacal. Windows 11 ba ta yarda a saka ta a ƙasa da 64, wadda ke da 32 kuwa Windows kaɗai takan cinye fiye da rabinta tun ba a ajiye ko wasiƙa ɗaya ba. Irin wannan ko kullum ake share ta, gobe ta cika. Wanda zai ciro kuɗin guminsa a Ikeja ya tambayi girman ma'ajiya, ya sa a kunna a nuna masa, kada ya tsaya ga sheƙin murfi.

Ba a ce masu gyara duka macuta ba ne. Akwai na kirki a Jalingo, kuma akwai ranar da fomatin yake zama dole, kamar in cutar kwamfuta ta shiga ta hanyar filashin da ya zaga shagunan buga takardu. Abin da ake ƙi shi ne a fara da shi don ya fi sauƙi ga mai gyara, kuma ba a kwafe wa mai kaya kayansa ba. Makarantun Jalingo ma ya kamata su ware ko da awa guda su nuna wa sababbin ɗalibai wannan shara tun makon farko, tun da dai suna neman aiki a buge.

Kafin makarantu su motsa, ɗan ci-ranin da aka bugo wa waya kan kwamfuta ta lalace ya dakata da tura kuɗi. Ya tambayi yaron gigabait nawa ya rage, da yaushe rabon a zubar da kwandon shara, da fim nawa ke ciki. In kuma ta kama lalle sai an je wurin mai gyara, to kuɗin farko da zai tura ya zama na filashi, a kwafe kundin da takardun a ajiye a gida tukuna.