Kowane Fili Da Irin Wasansa: Magana Ga Mawaƙanmu

Tun da aka buɗe bodar Illela da Konni a watan Maris na 2024, bayan rufewar da ta biyo juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, harkar wasan Sallah da bukukuwa ta dawo. Naira ta faɗi, sefa ta yi daraja, don haka tsallakawa wasa Konni ko Maraɗi ba ƙaramar samu ba ce ga mawaƙi. Mu na Lafani muna bakin hanya, muna kallon komai. Tambayata ita ce, me ake ba mai kallo a madadin kuɗinsa?

Kwanaki na je wani wasa a buɗaɗɗen fili. Ba zan kama sunan mawaƙin ba. Ya hau dandamali, dije ya saka filashi, shi kuma yana ta mamin. Ana cikin waƙa ta uku janareta ta mutu. Wallahi tsit kake ji! Mutumin nan ya riƙe makirufo yana zare ido, ko baiti ɗaya bai iya ja da bakinsa ba. Kafin a gyara, rabin jama'a sun watse, har da waɗanda suka yi ɗinkin Sallah musamman don wannan rana.

Matsalar a nan take: shiri ɗaya ake kai wa ko'ina. Abin da aka yi a hol mai sanyi a Kano, shi ake kwasowa a juye a filin ƙwallon ƙauye. Alhali a hol bango yana riƙe sauti, mutane na zaune, waƙar soyayya mai sanyi tana shiga. A fili kuwa iska ke kwashe murya, na baya ba ya jin kalma, sai kiɗa mai nauyi da amshin da kowa zai kama. Gidan biki ma daban ne, can mata ke da fage, sunan amarya da na ƙawayenta suke son ji.

Magabata sun san wannan. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kalangu da 'yan amshi yake yawo, yana duban fuskokin mutane yana saƙa waƙa nan take. Ɗan Anace a filin dambe yake waƙa, yadda dambe ya juya haka waƙar ke juyawa. Ɗan Maraya Jos kuwa kuntiginsa kawai ya ishe shi, ko a ɗaki ko a babban taro. Babu wanda ɗauke wuta ke tsayarwa a cikinsu.

Kar ku ce ai wancan zamanin da ne. Ku dubi maƙwabtanmu. Mdou Moctar ya taso yana kiɗan jita a bukukuwan aure a Nijar, yau yana wasa a Amurka da Turai. A 2024 ya fitar da Funeral for Justice da jitar lantarki mai ƙara, a 2025 kuma ya sake waƙoƙin nan a Tears of Injustice da jita mara lantarki, a natse. Waƙa ɗaya, riga biyu.

Ban ce kowa ya ɗauko makaɗa goma ba, na san kuɗin mota da masauki ba wasa ba ne. Amma mai fiyano ɗaya da mai kalangu ɗaya ba za su karya mawaƙi ba. A rage muryar da ke cikin filashi, a bar kiɗa, a rera da baki. A iso da wuri a gwada sifiku. A tambayi 'yan gari waƙar da suka fi so.

Mu ma masu kallo da laifinmu, muddin muna tafa wa mamin, shi za a ci gaba da sayar mana. Ku faɗa min a ƙasa, wane mawaƙi kuka taɓa gani wuta ta ɗauke ya ci gaba da waƙa?