DAGA ALƘALAMINA: Kuɗin Lauya Ko Kukan Kotu?

 Na san kun saba in zo muku da zancen soyayya da zaman gidan miji, to yau ku yi mini afuwa. Maganar gida ce dai, amma gidan bulo da siminti, kuma abin a kan idona ya faru, ba ƙagaggen labari ba ne irin na littattafaina.

Yayata ce Allah Ya yi wa mijinta rasuwa ya bar ta da yara 3 a gidan haya nan Kano. Da ta fita takaba sai ta haɗa tumuninta da kuɗin adashi, ta kwashe sarƙa da 'yan kunnenta na gwal har da na lefe ta sayar, ta ce ita dai ko ɗaki biyu ne ta samar wa marayun nan inda ba mai buga musu ƙofa ƙarshen shekara. Dillali ya samo mata wani ɗan madaidaicin gida, ciki da falo biyu da rijiya, aka daidaita a kan naira miliyan 8. Mai gidan wani matashi ne mai fara'a, sai ƙamshi yake cikin shadda. Ya nuna mana hoton satifiket, ya ce gobe a kawo kuɗi a rubuta takarda a gaban mai unguwa, shi ke nan.

Kawunmu ne ya ce atafau ba za a ba da ko sisi ba sai an ga lauya. Haka na raka ta ofishin wata Barista, mace ce kamila da hijabinta, ba za ta girmi Yaya ba. Ta saurare mu tsaf, sannan ta ce aikin zai ci naira dubu 800.

Wallahi sai da Yaya ta dafe ƙirji. Ta ce, "Barista dubu nawa? Don takarda kawai? Ni fa marayu gare ni!"

Barista ta yi murmushi ta ce, "Hajiya ba ni na yanka ba." Ta fahimtar da mu cewa tun shekarar 2023 akwai dokar da ta tsara ladan lauyoyi a Najeriya, wadda ta maye gurbin ta 1991. In gida bai kai miliyan 50 ba, mafi ƙarancin abin da lauyan mai saye zai karɓa shi ne kashi 10 cikin 100. Daga miliyan 50 zuwa 100 kuwa, miliyan 5 ne a kan hamsin ɗin farko, sai kashi 5 na abin da ya hau. Lauyan mai sayarwa, wanda nasa duba takardar ne, rabin na mai saye yake karɓa.

Muna fitowa dillali ya tare mu, ya ce, "Haba Hajiya, lauyan me? Mu nan iyaye da kakanni da shaidu biyu suke ciniki. Ga wani Alhaji can da kuɗinsa a hannu, in kika tsaya sanya za a yi babu ke." Ni kuwa a raina na ce lallai, kai da za ka karɓi la'adarka kashi 5, dubu 400 cur don ka nuna ƙofa, ba ka ga yawan naka ba sai na wani.

Daren nan Yaya ba ta runtsa ba. Ina jin ta tana juyi tana lissafi da yatsu. Da asuba ta ce da ni, "Auta, anya ba zan bi maganar dillalin nan ba?" Na rasa amsa, don ni kaina kuɗin ya yi mini yawa. Kawu ne ya raba gardamar, ya roƙi Barista ta karɓi kuɗinta kashi biyu, ta fara da bincike.

Tirƙashi! Bayan kwanaki ta kira mu. Ta je ma'aikatar ƙasa ta duba fayil ɗin gidan, ashe sunan da ke kan satifiket na mahaifin matashin nan ne, wanda ya rasu. Gidan gado ne ba a raba ba. Su 6 ne magada, da mahaifiyarsu, cikinsu akwai mata 3 da ke gidajen aurensu, ko labarin cinikin ba su ji ba. A shari'ar Musulunci mutum ba ya sayar da rabon wani ba da izininsa ba. Da Yaya ta zube kuɗinta, ranar da matan nan suka farga sai dai a haɗu a gaban alƙali, shi kuwa gogan ya riga ya cinye.

Barista ta ce ba ta rubuta komai sai an je kotu an raba gadon an kawo takarda, kowane magaji ya sa hannu. Wata 4 ana abu ɗaya. Ranar sa hannu na ga ƙaramar cikinsu, yarinya ce sa'ata da goyo, tana share hawaye da gefen mayafi. Ta riƙe hannun Yaya ta ce, "Anti, ba don lauyarki ba da ko ƙwandala ba zan gani ba a gidan ubana." Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

To ƙannena, ga abin da na koya. Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, amma ba ta gama magana ba. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, don haka gidan da ke da satifiket ba ya komawa sunan wani sai da amincewar gwamna. Aikin lauya ke nan: ya binciko mai gidan na gaskiya, ya duba ko an jinginar da shi a banki ko ana shari'a a kansa, ya rubuta takardar miƙa mallaka, ya bi ta har a yi mata rajista. Ku kuma sani kuɗin kan sarki da na rajista da na neman amincewar gwamna daban suke, aljihun gwamnati suke shiga ba na lauya ba. Saboda haka tun ranar farko ki ce a rubuta miki komai dalla-dalla, me kuɗin ya ƙunsa, me bai ƙunsa ba, kuma duk abin da kika biya ki karɓi rasit. Ki nemi lauyanki na kanki, kada ki jingina da na mai sayarwa. Uwa uba, kada kuɗi ya bar hannunki kafin bincike, komai gaggawar dillali. Sauri ya haifi nawa.

Ba zan ɓoye muku ba, har gobe ina ganin kashi 10 ya yi wa talaka nauyi. Sai da Yaya ta sayar da firjinta kafin ta cika, bazarar nan ruwan randa suka sha. Amma randar a tsakar gidanta take, da sunanta a takarda, ba mai zuwa ya ce tashi.

Kada ki ce ke 'yar makaranta ce ina ruwanki. Gobe ke ce mai gado, ke ce mai adashi, ke ce za ki karanta wa Umma takarda kafin ta dangwala yatsa. Wa ya sani ma ko ke ce Baristar da za ta share wa wata hawaye?

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, ina karanta kowace.

Taku har kullum.