Sharhi: Neman sabuwar hanyar haɗa takin zamani

Kashi 78 daga cikin 100 na iskar da ɗan Adam ke shaƙa naitirojin ce, wato sinadarin nan da kowace shuka ke buƙata kafin ta yi kore ta ba da amfani, amma masara da dawa da shinkafa ba sa iya ɗebo ta kai tsaye daga iska. Hanyar da ake bi a mayar da ita abincin shuka ta samo asali ne daga ƙasar Jamus, inda a shekara ta 1909 Fritz Haber ya nuna a birnin Karlsruhe cewar ana iya haɗa naitirojin da haidirojin a samu amoniya, uwar takin zamani. Daga bisani Carl Bosch na kamfanin BASF ya mayar da wannan gwaji masana'anta a garin Oppau a shekara ta 1913. Masana sun ƙiyasta cewar kusan rabin al'ummar duniya suna cin abincin da aka noma da takin da ya fito ta wannan hanya.

Sirrin aikin yana ga abin da masana kimiyyar sinadarai ke kira katalis, wato wani sinadari mai aikin dillali: ya haɗa abu biyu da suka ƙi haɗuwa, ya fita yadda ya shiga. Bambancinsa da dillalin kasuwa shi ne ba ya karɓar la'ada. Alwin Mittasch ya yi dubban gwaje-gwaje kafin ya tsaya kan baƙin ƙarfe da aka gauraya da wasu sinadarai kaɗan, kuma har yau kusan dukkan masana'antun amoniya da shi suke aiki. Sai bayan shekaru gommai Gerhard Ertl na birnin Berlin ya bayyana dalla-dalla abin da ke faruwa a kan fuskar ƙarfen, inda ya tabbatar cewar raba tagwayen ƙwayoyin naitirojin shi ne matakin da ke cin lokaci, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a shekara ta 2007.

Sai dai kuma wannan dillali na baƙin ƙarfe ba ya aiki sai da zafi na digiri 400 zuwa 500 da matsin iska da ya ninka na sarari sau 150 ko fiye, kuma akasarin haidirojin ana samo ta ne daga iskar gas ko kwal. Saboda haka ba a samun riba sai a makekiyar masana'anta mai cin dubban miliyoyin dala. Hukumar makamashi ta duniya ta ce haɗa amoniya yana cinye kimanin kashi 2 daga cikin 100 na makamashin da duniya ke amfani da shi. Ma'anar haka ita ce farashin taki yana ɗaure da na gas. An ga haka ƙarara a shekara ta 2022, bayan da Rasha ta kutsa Yukiren, lokacin da masana'antu da dama a Turai suka rage aiki, buhun yuriya kuma ya gagari ƙaramin manomi a ƙasashen Afirka, musamman waɗanda ba su da tashar jiragen ruwa kamar Nijar da Chadi.

Wannan shi ne dalilin da ya sa ake rige-rigen neman katalis da zai yi aiki da sauƙin zafi, ko ma ya haɗa amoniya da wutar lantarki kawai. A ƙasar Japan, Hideo Hosono da abokan aikinsa sun nuna a shekara ta 2012 cewar ƙarfen rutiniyam, idan aka ɗora shi a kan wani sinadari da ke da dangantaka da siminti, yana raba naitirojin cikin sauƙi, har aka kafa kamfanin Tsubame BHB a shekara ta 2017 domin ƙera ƙananan masana'antu. Amma rutiniyam ƙarfe ne mai tsada da ƙaranci.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa ya faru ne a fagen lantarki. Shekara da shekaru mujallun kimiyya suna buga rahotannin sababbin katalis da aka ce suna haɗa amoniya a cikin ruwa ba tare da zafi ba. A shekara ta 2019 wata tawaga ƙarƙashin jagorancin jami'ar fasaha ta ƙasar Danmak ta sake gwada irin waɗannan hanyoyi da naitirojin mai shaida ta musamman, wadda za a iya bin sawunta, sai ta tarar cewar ɗan abin da ake aunawa yana iya fitowa daga ƙazantar iska ko kayan aiki, ko ma numfashin mai binciken. Hanya ɗaya ce ta tsallake jarrabawar, wato mai amfani da sinadarin litiyam, wadda masanan Japan suka bayyana tun farkon shekarun 1990. Ko shakka babu wannan ya zama abin kunya ga wasu, amma ya tsame fagen daga yaudarar kai. Bayan haka ne ci gaba na gaskiya ya biyo: a shekara ta 2022 jami'ar Monash ta ƙasar Ostareliya ta ba da rahoton cewar kusan dukkan lantarkin da ya ratsa na'urarta ya tafi ga haɗa amoniya, a shekara ta 2024 kuma tawagar Danmak ta tafiyar da tata na'urar har tsawon awa 300. Duk da haka makamashin da hanyar ke ci ya fi na tsohuwar hanya nesa ba kusa ba, kuma awa 300 ba komai ba ce a gaban masana'antar da ke aiki dare da rana shekara da shekaru.

Ya kamata gwamnatocin Afirka su riƙe wannan a zuciya duk lokacin da ɗan kasuwa ya zo musu da alkawarin na'urar da za ta yi taki daga iska da hasken rana. Abu ne mai yiwuwa, domin a shekara ta 2023 an kafa wata ƙaramar masana'anta kusa da Naivasha ta ƙasar Kenya mai ba da tan ɗaya na amoniya a rana da wutar hasken rana. Amma tsohuwar hanyar ce aka ƙanƙanta, kuma gona ce babba ke amfani da ita. Amoniya iska ce mai guba da ke buƙatar tanki da injin zubawa, ba abin da mai fartanya zai barbaɗa da hannu ba ne. Kafin a kashe kuɗin jama'a, wajibi ne a samu masana na gida da za su iya auna abin da na'urar ke fitarwa da kansu, abin da ke nufin ɗakunan gwaje-gwaje masu wuta da kayan aiki a jami'o'in nahiyar.

Kazalika bai dace a fake da binciken gobe a yi sakaci da alkawarin jiya ba. A taron Abuja na shekara ta 2006 shugabannin Afirka sun ƙuduri ɗaga yawan takin da ake zubawa daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin shekara ta 2015, kuma har suka sake taruwa a Nairobi a shekara ta 2024 ba a cimma wannan adadi ba. Masana'antar Ɗangote da aka buɗe a Lekki a shekara ta 2022 tana iya fitar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara da tsohuwar hanyar baƙin ƙarfe, kuma kaso mai yawa na takin yana tafiya ne ƙasashen waje, Brazil da Amurka a cikinsu.