Filin Plough Lane Da Makomar Filayen Unguwanni

A kudu maso yammacin birnin London akwai wata unguwa da ake kira Wimbledon, wadda duniya ta fi saninta da gasar tanis. Amma labarin filin ƙwallon ƙafarta, watau Plough Lane, ya cancanci ma'aikatun wasanni da na filaye su dube shi da idon basira.

Ƙungiyar Wimbledon ta fara wasa a wannan fili tun cikin shekarar 1912. Fili ne ɗan ƙarami, yawancin 'yan kallo a tsaye suke kallo, ɗaya daga cikin rumfunansa ma tsohuwa ce da aka sayo daga wata ƙungiya a 1923, fitilun wasan dare kuwa sai a 1960 aka kafa su. Duk da haka daga nan ne ƙungiyar ta shiga gasar ƙwararru a 1977, ta kai rukuni na ɗaya a 1986, sa'an nan a 1988 ta doke Liverpool da ci ɗaya da nema ta ɗauki Kofin FA. John Fashanu, ɗan asalin Nijeriya, yana cikin waɗanda suka buga wasan.

Bayan turmutsutsun filin Hillsborough na 1989, wanda ya yi sanadin mutuwar mutum 97, sai aka wajabta wa manyan ƙungiyoyi su sa wa kowane ɗan kallo kujera. Shugabannin Wimbledon suka ce filinsu ba zai gyaru ba, suka kwashe ƙungiyar a 1991 zuwa filin Crystal Palace da sunan zama na ɗan lokaci. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. 'Yan kallo suka ragu, aka sayar da tsohon filin ga wani kamfanin kantuna a 1998, aka rushe shi a 2002. A shekarar nan kuma aka ba masu ƙungiyar izinin ƙaura da ita zuwa Milton Keynes, tafiyar kilomita 90 ko kusa da haka, inda daga bisani aka sauya mata suna. Yau benayen kwana ne a wurin, an raɗa musu sunayen tsofaffin gwarzayen ƙungiyar, abin da ba ya mayar wa kowa da fili.

Inda gizo ke saƙa shi ne, da can akwai sharaɗin Ƙaramar Hukumar Merton a kan wannan fili, cewa ba za a yi komai da shi ba sai wasanni. Sai da aka cire sharaɗin sannan filin ya zama hajar kasuwa. Lalle wanda ya sa hannu a takardar nan bai ɗauka yana korar ƙungiya daga unguwarta ba, amma abin da ya biyo baya ke nan.

Magoya baya ba su zauna suna kuka ba. Suka kafa sabuwar ƙungiya, AFC Wimbledon, a 2002, suka fara daga rukuni na tara, suka koma gasar ƙwararru a 2011. A watan Nuwamba na 2020 suka buɗe sabon Plough Lane, 'yan taku kaɗan daga tsohon, a inda dā ake tseren karnuka. Yana ɗaukar mutum 9,215, da babbar rumfa guda ta dindindin da wasu uku da za a iya sakewa idan ana son ƙara shi zuwa 20,000. Da kuɗi suka yanke ana tsakiyar gini, magoya bayan ne suka ranta wa ƙungiyarsu fam miliyan 5 da ɗoriya. Kusan shekara 30 ke nan kafin a gyara ɓarnar da aka yi cikin ɗan lokaci.

Ba sai an je Ingila ba kafin a san zafin rashin gida. Lokacin da aka mai da filin Sani Abacha na Ƙofar Mata wurin killace masu cutar korona a 2020, abin da larura ta kawo, Kano Pillars, wadda ta ci gasar ƙasa sau 4, ta koma karɓar baƙinta a Kaduna. To, idan haka ta samu babba, ina ga ƙananan ƙungiyoyin unguwanni, waɗanda filinsu na makarantar firamare ne ko wani fegi da ba shi da takarda, ana iya wayar gari a ga an yanka shi an jera shaguna?

Ya kamata gwamnatocin jihohi su ƙidaya filayen wasa na unguwanni, a auna su, a ba kowanne takardar mallaka da sharaɗin cewa na wasanni ne kaɗai. Cire sharaɗin kuma kada ya zama aikin jami'i guda a ofis, a kai shi gaban Majalisar Dokoki, bayan an ji ta bakin mai unguwa da ƙungiyoyin da ke wasa a wurin.