SHARHI: Rigar kariya kaɗai ba za ta hana jiragen katako kifewa a kogunan Arewa ba

A daren 1 ga Oktoba, 2024, wani jirgin katako ɗauke da kusan mutum 300, yawancinsu mata da ƙananan yara da ke dawowa daga taron Maulidi, ya kife a Kogin Neja kusa da Gbajibo, Ƙaramar Hukumar Mokwa ta Jihar Neja. Mutane da dama sun rasu. Waɗanda suka fara faɗawa ruwa domin ceto su ne masunta da matasan ƙauyukan bakin kogi.

Labarin ba sabo ba ne. A watan Mayun 2021, jirgin da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da fasinjoji fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi. A Nuwamban shekarar, aƙalla mutum 29, galibinsu ɗaliban Islamiyya, sun rasu a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai, Jihar Kano. A Yunin 2023, fiye da mutum 100 da ke dawowa daga biki sun mutu a yankin Patigi na Jihar Kwara. Gummi ta Zamfara ta ga nata a 2024, Goronyo ta Sakkwato a 2025.

Duk lokacin da haka ta faru, bayanin hukumomi ɗaya ne: lodi ya yi yawa, an yi tafiyar dare, fasinjoji ba su sa rigar kariya ba. Gaskiya ne. Sai dai bayanin yana tsallake tambayoyi uku: wane ne ya mallaki jirgin, yaushe aka yi masa gyara na ƙarshe, kuma wa zai janyo shi idan injinsa ya mutu a tsakiyar kogi?

Lissafin mai jirgi

Yawancin jiragen fito a Neja, Kebbi, Kwara da Kogi na ɗaiɗaikun mutane ne. Mai jirgi yana biyan kafinta ya haɗa masa shi da katako da ƙusoshi, sa'annan ya sayi injin da ake maƙalawa a baya, wanda daga waje ake shigo da shi. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin Naira ta nemo darajarta a kasuwa kimanin mako biyu bayan haka, kuɗin mai da na kayan gyara sun yi tashin gwauron zabi.

Su kuwa fasinjojin, manoma ne da ƙananan 'yan kasuwa waɗanda ba za su iya biyan kuɗin fito mai tsada ba. Hanyar da ta rage wa mai jirgi ita ce ya ƙara yawan kai a kowane sawu, ya ɗora buhunan hatsi, babura da dabbobi, musamman ranar kasuwa. Wannan bai wanke shi daga laifi ba, domin rayukan mutane ya ɗauka amana. Amma dokar da ta yi biris da wannan lissafi za ta ƙare a takarda ne kawai.

Gyaran da ake ɗagewa

Jirgin katako daga ƙasa yake ruɓewa, inda ido ba ya kaiwa. Ƙusoshi suna tsatsa, mahaɗar katakai tana buɗewa, ruwa yana tsattsafowa. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan jirgi ya san yaron da aikinsa kwarfe ruwa ne da roba tun daga tashi har sauka. An saba ganinsa, har an manta cewa alama ce ta jirgin da ke neman gyara.

Gyara na gaskiya yana buƙatar a fito da jirgi tudu, a bar shi ya sha iska, a sauya katakan da suka ci, a toshe mahaɗa. Kwanakin da hakan zai ɗauka kwanaki ne da ba kuɗin shiga, shi ya sa ake ɗagewa zuwa rani, daga rani kuma zuwa wani ranin. Jirgin da ya yi irin wannan rauni, kututture ɗaya ya ishe shi. A tafkin Kainji, wanda aka kammala madatsarsa a 1968, har yau akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye. Rahotanni daga Patigi sun nuna cewa itace jirgin ya daka kafin ya rabe biyu.

Haka batun inji yake. Idan ya mutu a tsakiyar kogi lokacin da ruwa ya cika, matuƙi ba shi da sauran iko da jirgin. Igiyar ruwa za ta juya shi ta gefe, fasinjoji su firgita su karkata wuri ɗaya, sai kifewa.

Babu janwe a kan ruwa

Motar da ta lalace a kan hanya tana iya jiran janwe har gari ya waye. Jirgin da ya tsaya a tsakiyar kogi ba shi da wannan lokaci, kuma wanda bai iya ruwa ba mintoci kaɗan gare shi. Jirgin ceto da zai taso daga gari mai nisa bayan sa'o'i, gawarwaki zai zo nema.

Akwai masu ganin baburan ruwa na zamani za su taimaka, kamar yadda masu ceto a bakin teku ke amfani da su a ƙasashe da dama. Suna da gudu, kuma ba su da farfela a waje da za ta sari mutumin da ke cikin ruwa. Amma mutum ɗaya ko biyu suke iya ɗaukowa, ba za su iya jan babban jirgi mai lodi ba, kainuwa da yashi suna toshe injinsu, makanikansu kuma ba su da yawa a Arewa. Abin da ya fi dacewa shi ne ƙaramin jirgin ceto mai inji biyu, da igiya da man fetur a shirye, a ajiye shi a kowace babbar tashar fito ranar kasuwa, a hannun masuntan da suka san ruwan, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, tare da albashi.

Alhakin wa?

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, ita doka ta ɗora wa rajistar jirage da tabbatar da lafiyarsu. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli, a shari'ar da ta haɗa hukumar da Jihar Legas, ta tabbatar cewa ikon hanyoyin ruwan na Gwamnatin Tarayya ne. Saboda haka ba a rasa wanda za a tambaya ba.

Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, wadda aka ƙirƙiro a 2023 ƙarƙashin Minista Adegboyega Oyetola, ta fito da ƙa'idojin sufurin ruwa da suka hana tafiyar dare kuma suka wajabta rigar kariya. A 2025 ta ƙaddamar da rabon riguna 42,000 ga jihohi 12. Ministan ya kuma nemi jihohi su sauya jiragen katako da na zamani. Hukumar HYPPADEC mai hedikwata a Minna ita ma ta raba riguna da jirage.

Matakai ne masu kyau, amma riga tana rage yawan mamata ne bayan jirgi ya kife, ba ta hana shi kifewa. Hana jiragen katako kafin a samar da madadinsu kuma zai yanke ƙauyuka daga kasuwa, gona da asibiti, a yankunan da ba su da gada, inda wasu hanyoyin mota suka zama tarkon 'yan bindiga. Matuƙa za su koma tashoshin ɓoye da tafiyar dare, wato abin da ake gudu.

Abin da zai yi aiki ba ɓoyayye ba ne: duba kowane jirgi a tudu sau ɗaya a shekara kafin damina, zana layin iyakar lodi a jikinsa yadda fasinja zai gani da idonsa, rance mai sauƙi ga ƙungiyoyin matuƙa domin gyara da sauya jirgi, cire kututture ko sa musu alama, da jirgin ceto a tasha.

Matasan da ke bibiyar kasafin kuɗi suna da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 a hannunsu. Suna iya rubuta wa NIWA da gwamnatocin jihohinsu su tambayi jirage nawa aka duba bara a Mokwa, Yawuri ko Patigi, nawa aka dakatar, jiragen ceto nawa ke aiki, kuma a wace tasha suke kwana. Lokacin neman amsar shi ne yanzu, kafin ruwa ya sake cika.